Yadda za ka yi mastas ko PhD a saikolojin gwaje-gwaje in kana Sakkwato

Jama'a assalamu alaikum. Wanga rubutu na masu son ci gaba da karatu ne a fannin saikoloji na gwaje-gwaje, ko mastas ko digirin digirgir, musamman mu na nan Sakkwato da Kebbi da Zamfara inda masu fannin ba su da yawa. Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu don kar a ce na ɓoye: a wanga fanni sufabaiza ya fi sunan jami'a muhimmanci, kuma iya tsara gwaji da iya lissafin sakamakonshi sun fi kwalin da za a miƙa maka. Duk abin da zan faɗi a ƙasa kan waɗanga biyun ya ginu.

Mataki na ɗaya: ka san mi za ka shiga

Mutanenmu da sun ji an ce saikoloji sai hankalinsu ya tafi asibitin Kware, wasu kuma su ce to malam karanta mani abin da ke zuciyata. Mai saikolojin gwaji ba ya duba marar lafiya, ba ya sasanta ma'aurata. Aikinshi ya ɗauki tambaya guda kan yadda ɗan Adam ke gani, ko ji, ko haddace abu, ko yanke shawara, sai ya canza abu ɗaya tak ya bar sauran yadda suke, ya auna ko wani bambanci ya fito. A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin saikoloji na farko a Leipzig ta Jamus, a 1885 kuma Hermann Ebbinghaus ya fitar da aikinshi inda ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke zube mashi, ya gano mafi yawan mantuwa a farko-farko take aukuwa sannan ta lafa. Irin wagga sana'a ce za ka koya.

In burinka duba marasa lafiya ne, saikolojin asibiti za ka nema, hanyarshi daban. In nasiha da jagorancin ɗalibai kake so, tsangayar ilimi ta Danfodiyo na da wannan, ba sai ka yi nisa ba.

Mataki na biyu: takardu

Wanda ya yi digirin farko a saikoloji hanya a buɗe take. Wanda ya fito daga ilimi, ko soshiyoloji, ko bayoloji, ko kwamfuta, yawancin jami'o'in Najeriya za su ce ya fara yin PGD, wato difloma ta bayan digiri, tukuna, a Ingila kuma akwai mastas na shekara guda na masu sauya fanni wanda ƙungiyar masana saikoloji ta Birtaniya, BPS, ke amincewa da shi. Galibi ana neman aƙalla 2:2 don mastas a gida, amma tallafin karatu na waje kusan duk 2:1 zuwa sama suke kallo. Sai takardar NYSC ko ta yafewa, da sakamakon WAEC ko NECO.

Tiranskirif kam ka neme shi tun yau, ko ba ka yanke inda za ka ba. Shi ka sa mutane su rasa gurbin da sunka riga sunka samu, don fitarshi na iya ɗaukar watanni kuma zuwa da kai ya fi aike.

Mataki na ukku: ƙididdiga da kwamfuta, tun kafin ka cika fom

Nan ne ake raba gari. Mutum zai gudo daga lissafi ya faɗo saikoloji yana murna, sai ya tarar da lissafin na jiranshi a bakin ƙofa. Ba wai lissafi ne mai tsanani irin na injiniya ba, amma dole ka fahimci mi t-test da ANOVA ke yi (hanyoyin kwatanta rukuni da rukuni), mi rigireshon ke yi (auna alaƙar abu da abu), mi ake nufi da girman tasiri, kuma mi lambar p (wadda ake dubawa a ga ko sakamako ya wuce dace kawai) ke faɗi da abin da ba ta faɗi. Fahimta nike nufi, ba danna maɓalli ba. Al'adar nan ta kai data shagon kwamfuta a ce wa yaro "yi mani analisis" ya buga manhajar lissafi ta SPSS ya miƙo maka tebur ashirin da kai kanka ba ka san mi ke ciki ba, a wani fannin wataƙila ka tsira da ita, a nan ranar difens, wato kare kundinka gaban malamai, tambaya biyu za a yi maka asiri ya tonu.

Kayan aikin kusan duk kyauta ne, wannan kam alhamdu lillahi. JASP da jamovi na lissafi ne, suna da sauƙi kamar SPSS kuma ba ka biyan ko kwabo, da su za ka fara. Daga nan ka matsa zuwa R, shi yana buƙatar rubuta umarni da hannu, makonnin farko zai ba ka ciwon kai amma duk ɗakin gwaji na kirki a duniya yana son mai iya shi. PsychoPy da OpenSesame da su ake gina gwajin kanshi a kwamfuta, su nuna hoto ko kalma su auna saurin amsa. G*Power na gaya maka mutum nawa kake buƙata. Zotero na tara maka takardun da ka karanta ya jera su. In ka ware awa guda kullum bayan Asuba kafin zafi ya taso, wata shidda sun ishe ka ka wuce da yawa daga masu riƙe da mastas ɗin.

Mataki na huɗu: ka yi ƙaramin gwaji da hannunka

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ka nemi gurbi ko'ina ka gina gwaji guda, ko da na mutum ashirin ne cikin abokanka, na koyo kawai ba na bugawa ba. Wanda nike ba kowa shawara shi ne gwajin Stroop, wanda John Ridley Stroop ya wallafa a 1935. Ga yadda yake: za a nuna kalmar JA amma an rubuta ta da koren launi, aikin mutum ya faɗi launin rubutun ba kalmar ba. In kalma da launi sun dace amsa na zuwa da sauri, in sun saɓa sai mutum ya ɗan yi jinkiri ko ya yi kuskure, saboda wanda ya saba karatu idonshi na karantawa ko bai so ba.

Yanzu zauna ka gina shi da Hausa ka ga abubuwan da za su taso. Launi ukku za ka ɗauka, a ce ja, kore, shuɗi, kowane da maɓallinshi a kibod, ka liƙa masu 'yar takarda mai launi. Nan take za ka lura "ja" harafi biyu ne, "shuɗi" biyar, to ko tsawon kalma zai shafi sauri? Sai ka tabbata kowace kalma ta fito a kowane launi adadi guda. Sannan wasu cikin mutanenka ba su cewa kore, tsanwa suke cewa, samari kuma bulu da girin ne a bakinsu, to sai ka tambaya tun kafin a fara. Ka duba ko fon ɗin da ka zaɓa na nuna ɗ mai lanƙwasa ko akwati yake fitarwa. Ka ba kowa zagayen gwaji na sabo kamar goma kafin a fara ƙirgawa. Ka cakuɗa jerin yadda ba wanda zai iya hasashen mi ke tafe. Ka tambayi ko akwai wanda ba ya bambance ja da kore, don akwai su, kuma sun fi yawa cikin maza. Ka zaunar da kowa wuri guda, nisa guda da allon, ba wani a inuwa wani rana na dukan sikirin ba. Ka kashe WhatsApp da duk abin da ke gudana a bayan kwamfutar, don bambancin da kake nema bai kai daƙiƙa guda ba, kuma allon laftof na yau da kullum sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, kenan kusan kowane milisakan 17.

Ga kuma inda abin ke da daɗi: in ka samu wanda ya iya ajami ƙwarai amma bokonshi bai nuna ba, mi kake zato zai faru in an rubuta kalmomin da boko, mi kuma zai faru in da ajami anka rubuta su? Ka rubuta hasashenka a takarda kafin ka gwada. Wanda ya yi wanga aiki ya kai ƙarshe, ya zana jadawalin sakamakonshi, ya riga ya ɗanɗana rabin mastas, kuma ya samu abin faɗi a wasiƙar neman gurbi wanda ya fi "ina da sha'awar saikoloji tun ina yaro".

Mataki na biyar: tambayar bincikenka

Kar ka raina inda kake. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun saikoloji ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da anka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke, kashi 68 daga Amurka kaɗai, alhali ƙasashen nan kashi 12 ne kacal na mutanen duniya. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinshi biyu sunka ɗora a kai, sunka nuna cewa abubuwa da yawa da ake cewa "halin ɗan Adam" halin ɗaliban jami'o'in Amurka ne kawai, har ruɗin ido irin na layukan Müller-Lyer, layi biyu masu tsawo ɗaya da ido ke ganin ɗaya ya fi, ƙarfinshi ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Ma'ana abin da kake da shi a ƙofar gida, wani farfesa a Turai nema yake bai samu ba.

Muna da mahaddata Alƙur'ani birjik, musabaƙar ƙasa ma cibiyar nazarin addinin Musulunci ta Danfodiyo ke shirya ta. Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna cewa bita a rarrabe ta fi bita a dunƙule, kuma a 2006 Roediger da Karpicke sunka nuna cewa janyo abu daga ka ya fi sake karantawa riƙe shi na dogon lokaci. Malaman allo da tilawarsu sun san wani abu a nan tun kafin a haifi waɗanga, amma wa ya auna? Muna da masu rubutu biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Muna da masu Hausa da Fulfulde, ko Hausa da Zabarmanci, ko Hausa da Larabci da Turanci. Muna da 'yan kasuwa masu lissafin ka da ba su taɓa zama aji ba. Muna da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da azumi a cikinshi wasu shekarun, ga tambayar yadda suke shafar natsuwa.

Sai dai ka matse tambayar ta zama ƙarama. "Tasirin hadda ga ƙwaƙwalwa" ba tambaya ba ce, take ne na lacca. Kuma ka kiyaye: in ka kwatanta mahaddata da waɗanda ba mahaddata ba, ba kai ka raba su ba, rayuwa ta raba su, don haka ba ka iya cewa haddar ce sanadi kai tsaye. Gwaji na gaskiya shi ne wanda ƙuri'a ke yanke wa zai shiga wane rukuni, misali rabi su yi bitar sababbin kalmomi zama guda, rabi su raba ta kwana ukku, a auna su bayan mako.

Mataki na shidda: nemo sufabaiza

Shiga Google Scholar ka rubuta maudu'inka, ka ga su wa ke bugawa a kai cikin shekaru biyar na baya. Ka karanta aƙalla takarda biyu ta mutum kafin ka tura mashi imel. Ka duba sashen hanyar bincike: shin gwaji yake yi ko takardar tambayoyi yake rabawa? Sassa da yawa a Najeriya suna da kwas mai sunan gwaji a takarda, amma in ka buɗe kundayen ɗalibansu kwashoniya ce zalla, wato takardar tambayoyin nan. Ba laifi ba ne, amma ba shi ka zo nema ba.

Imel ɗin ya zama gajere. Ka ce kai wane ne, wace takardarshi ka karanta kuma mi ya ja hankalinka a ciki, wane ƙaramin gwaji ka yi, mi kake son bincika, sannan ka tambaya ko yana ɗaukar ɗalibai bana. Ka haɗa CV shafi biyu. Gaisuwarmu mai tsawo da kirari ka ajiye ta, Bature layi guda ya ishe shi. Malamin gida kuma akasin haka, in da hali ka je ofis da kanka ka gaishe shi yadda ya kamata, ranka ya daɗe ba ta rage komi.

Abu guda da ba a faɗi a fili: ka nemi ɗalibanshi na yanzu da waɗanda sunka gama, ka tambaye su a keɓe. Babi na kwana nawa a teburinshi? Mutum nawa sunka kammala a hannunshi? In ka ji ana ta "sai dai haƙuri", to ka fahimta. Ke kuma 'yar'uwa ki tambayi mata musamman yadda yake mu'amala, kuma ko ana iya tsara ganawa ta intanet in aure ko goyo sun hana tafiya kullum.

Mataki na bakwai: gida ko waje, da zancen kuɗi

A gida, sashen saikoloji na farko a Najeriya a Nsukka anka buɗe shi a 1964, kuma akwai tsofaffin sassa a Legas, Ibadan, Ife da Jos. A Arewa Jos ce ta fi suna, ga kuma Keffi da Makurdi da NDA Kaduna. Mastas a takarda wata 18 ne zuwa shekara biyu, a aikace ka ƙara, ka tuna yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci. Ka lissafa kuɗin mota da masauki, don daga Sakkwato ko'ina cikin waɗanga tafiyar yini ce.

A waje kowace ƙasa da salonta. Amurka ana shiga PhD kai tsaye da digirin farko, shekara biyar zuwa shidda, kuma shirye-shiryen kirki suna yafe kuɗin makaranta su ba ka alawus kana taya koyarwa ko bincike. Yawanci farkon Disamba ake rufe karɓar takardu, ana son wasiƙun shaida ukku, da yawa sun daina neman jarabawar shiga ta GRE, amma gasar da zafi kuma ƙwarewar bincike suke dubawa kafin komi. Dokokin biza na canzawa, ka leƙa shafin ofishin jakadanci kafin ka kashe kuɗin fom. Ingila mastas shekara guda, PhD ukku zuwa huɗu, Oxford da UCL ta Landan na da sassa masu sunan saikolojin gwaji ƙarara, sai dai tsada, sai da tallafi: Commonwealth da ake bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya, ko Chevening wadda ta mastas ce kuma tana son shekara biyu ta aiki. Wasu jami'o'in can na karɓar Turancin WAEC a madadin jarabawar Turanci ta IELTS, ka tambaya kafin ka biya jarabawa. Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin koyarwa, amma dole ka nuna kuɗin zama a asusu, ga kuma tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus. A Holan da Beljiyam sau da yawa PhD aiki ne da albashi, tallata shi ake yi kamar kowane gurbin aiki, kuma jami'ar Ghent na da sashen gwaji mai ƙarfi. Malesiya da malamanmu ke yawan zuwa tana da sauƙin rayuwa ga Musulmi, amma nan ma ka duba ko sufabaizan gwaji yake yi.

Masu koyarwa a jami'a ko kwaleji su bi ta TETFund, sai dai ta dakatar da ɓangaren tura mutane waje daga farkon 2025, don haka a tambayi ofishin da ke kula da ita a makaranta halin da ake ciki. Ni a ganina wanda bai da gogewar bincike ya yi mastas a gida da gaske, ya fitar da takarda guda mai kyau, sannan ya nemi PhD mai tallafi a waje.

Mataki na takwas: bayan ka shiga

Furofozal ɗinka ya faɗi hasashe ƙarara, da abin da za ka juya, da abin da za ka auna, da yawan mutane da dalilin yawan. Kar ka ce 30 don wani ya ce 30. In rukuni biyu za ka kwatanta kuma tasirin matsakaici ne, G*Power zai ba ka mutum 64 a kowane rukuni, 128 kenan. In hakan ya fi ƙarfinka, sake tsari yadda kowane mutum zai shiga yanayi biyun, adadin zai sauko sosai. Dalilin tsananin shi ne a 2015 wata babbar tawaga ta sake gwaje-gwaje 100 da anka riga anka wallafa, kashi 36 kacal sunka sake ba da sakamako mai ƙarfi, kuma ƙarancin mutane da wasa da lissafi har sai p ta sauko na cikin abin da anka zarga. Shi ya sa yanzu ake rajistar tsarin bincike a shafin intanet na OSF kafin a tara data, kyauta ne, ka yi ko sashenku bai nema ba.

Kar ka taɓa mutum ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu. Ƙa'idojin nan ba don wahalarwa anka kawo su ba, irin gwajin Milgram na Yale a 1961, inda anka sa mutane sunka zaci suna jona wa wani lantarki har bolt 450, na cikin abin da ya jawo su. Takardar amincewa ka rubuta ta da Hausa mai sauƙi, wanda bai karatu a karanta mashi gaban shaida. Yara sai da izinin iyaye da na hukumar makaranta, makarantar allo sai ka fara da malam, unguwa kuma ka gaida mai unguwa. In mata za su shiga ka samu mace mai taimaka maka, in ba haka ba rabin mutanenka ba za su zo ba, waɗanda sunka zo kuma a takure za su amsa. Ɗan abin da za ka ba mutane na kabu-kabu ne da ruwan sanyi, kar ya yi yawan da zai sa talaka ya kasa cewa a'a.

Wuta kuma ka san halinta, ka tanadi fawa bank ko ka nemi ɗaki mai sola, ka yi zaman gwajin da safe, kuma kar ka gwada rukuni ɗaya da hantsi ɗayan da azahar, don sai ka auna zafin rana kana zaton hasashenka ne ya tabbata. Kowane yamma ka kwafe data wuri biyu, filasha da intanet, da lambobi a madadin sunaye.

In sakamako bai fito yadda ka zata ba ka rubuta shi yadda yake, estana, wato mai jarabawa daga wata jami'a, in mai ilimi ne ya san haka na faruwa, abin da zai tuhume ka a kai tsarin ne. Da ka gama difens ka mai da kundin takarda tun yana da ɗumi, ka ɗora a PsyArXiv, shafin ajiye takardun saikoloji kafin a buga su, ka tura wa mujallar da kake ganin sunanta cikin takardun da ka karanta. Wadda ta turo maka imel tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya dala, ka goge saƙon, masu tantance PhD a waje sun san su kuma tana rage maka daraja.

Aiki bayan nan, koyarwa da bincike a jami'a ne kan gaba, amma wanda ya iya tsara gwaji da R yana samun wuri a sashen sa ido da tantancewa na ƙungiyoyin lafiya da ilimi da ke aiki a jihohinmu, da cibiyoyin nazarin ɗabi'a irin Busara mai hedikwata a Nairobi, da kamfanonin manhaja masu gwada yadda mutane ke amfani da kayansu. A CV ka jera gwajin da ka gina da manhajojin da ka iya a shafin farko, tare da adireshin OSF ɗinka don mai dubawa ya buɗe ya gani da idonshi.